Jita mai tsirkiya 12: abin da za ka duba kafin ka biya kuɗi a Jos

Me ya bambanta ta da mai tsirkiya 6?

Tsirkiyoyinta bibbiyu ne, jeri 6. A jeri 4 masu kauri, kowace na da siririyar abokiya mai sauti iri ɗaya amma sama. Sauran jeri 2 na sirara tagwaye ne, sautinsu ɗaya. Shi ya sa amonta ke cika ɗaki.

Ɗan koyo zai iya farawa da ita?

A'a. Yatsunka su ƙware a mai shida tukuna.

Wace ce mai sauƙin kuɗi?

Yamaha FG820-12 ko Fender CD-60SCE mai 12. Amma don Allah a daina sayen suna. Suna ba ya hana wuya lanƙwashewa.

To, mai fuskar katako zalla ko filawud?

Nan ne amsar ba ɗaya ba ce. Katako zalla, musamman na itacen sifurus, ya fi zaƙin sauti, kuma yana ƙara daɗi da tsufa. Sai dai jita na son danshin iska kashi 45 zuwa 55, hunturun Jos kuwa yakan sauke shi ƙasa sosai. Katakon sai ya tsuke, fuska ta tsage, bakin ƙarafunan wuya ya fito yana yankar hannu. Filawud ya fi juriya, ko da yake amonsa bai kai ba. In jitar za ta yini a coci ko bayan mota, wataƙila filawud ya fi maka. In kana da akwati, kuma za ka jure saka jiƙaƙƙen soso a gwangwani mai huji a ciki daga Nuwamba zuwa Maris, ɗauki zalla. Ka matse soson sosai, kada ruwa ya taɓa katako. In ba za ka iya ba, kar ka yaudari kanka.

Ta hannu fa?

Ba laifi, amma ka duba. Tsirkiyoyin nan na jan fuskar da nauyin da ya haura kilo 100. Tura takarda ƙarƙashin katakon da suke kafe a kai. In ta shige, ya fara ɗagowa, bar ta. Shafa bayansa ko fuskar ta yi tozo. A ƙarfen wuya na 12, tazarar tsirkiya mai kauri da ƙarfen kada ta wuce milimita 2.5 da yawa. Tambayi ko sandar ƙarfen cikin wuya tana juyawa.

Siririyar G tana yawan tsinkewa, jitar ce ba kyau?

Kwantar da hankalinka, halinta ne, ita ce mafi siranta. Sa tsirkiyoyi marasa kauri, masu farawa da kaurin inci .010, ka sassauta saitin da rabin mataki ko ɗaya, ka ɗora kafo, wato maƙalin da ake matsawa a wuya don ɗaga sauti. Wuyan ma zai huta.