Ƙa'idar "mai tarawa ya zauna ciki" a furotin ɗin tantani

Furotin ɗin da zai zauna a tantanin ƙwayar halitta, wato siririyar fatar kitse da ke kewaye da ita, galibi ba ya jira a gama ƙera shi kafin ya shiga. Tun ribosom, injin ƙera furotin na ƙwayar, na harhaɗa amino asid (tubalan furotin) ɗaya bayan ɗaya, zaren ke zurawa cikin wata mashiga, SecYEG a bakteriya, Sec61 a ƙwayoyin mutum. Duk wani yanki mai amino asid kusan 20 masu gudun ruwa, mashigar na buɗe masa ƙofar gefe ya faɗa cikin kitsen tantanin. To wane kai ne zai fuskanci ciki, wane ne waje?

A 1986 masanin ƙasar Suwidin Gunnar von Heijne ya ƙidaya amino asid na furotin ɗin tantanin bakteriya, ya tarar laisin da arjinin, amino asid biyu masu caji na alamar tarawa (+), sun ninka kusan sau 4 a madaukan da ke ciki (sassan zaren da ke haɗa yankunan da suka ratsa tantani) idan aka gwada da na waje. Masu cajin ɗebewa (−) kuwa ba su nuna irin wannan bambanci ba. Ƙa'idar ke nan: ɓangaren da ya fi yawan tarawa shi ke zama ciki. A 1989 ya gwada ta da wani furotin ɗin tantani mai suna Lep na bakteriyar E. coli. Ya rage masu tarawa a madaukin ciki, ya ƙara laisin a bakin zaren, sai furotin ɗin ya juye gaba ya koma baya.

Dalilin ba ɗaya ba ne. A E. coli cikin ƙwaya ya fi waje cajin ɗebewa da kimanin milibolt 150, don haka fitar da laisin waje kamar tura kura ne a kan tudu. Kitsen tantanin ma yana da kawuna masu ɗebewa, irin su kadiyolifin, da ke riƙe masu tarawa. Sai dai a inda Sec61 ke aiki, wato wani tantani da ke can cikin ƙwayar mutum, babu wani ƙarfin lantarki na a zo a gani, amma ƙa'idar na nan daram. A can ana auna bambancin caji tsakanin amino asid 15 na kowane gefen yanki na farko da ke ratsa tantani, kuma cajin jikin mashigar na da hannu.

Ƙa'idar ba ta hau kan kowa ba. Dogayen madaukai, waɗanda suka haura amino asid 60 ko 70, ba su cika bin ta ba. Ga kuma EmrE, ɗan ƙaramin furotin mai amino asid 110 da cajin ɓangarorinsa biyu ya yi kusan kunnen doki, yana shiga ta fuska biyu. A 2010 an nuna cewa ƙarin mai tarawa guda ɗaya tak, ko da a can ƙarshen wutsiya, na iya tsayar da shi a fuska guda. Wato zaɓin bai rufe ba sai an kusa gama ƙirar.

Anan ne masu aikin ɗakin gwaji ke yin tuntuɓe. A liƙa wa furotin alamar gane shi mai ɗauke da laisin kusa da yankin da ke ratsa tantani, ya kife, sinadarin FtsH mai share lalatattun furotin ya farfasa shi, a yi ta zargin na'ura. Kafin a yanke hukunci a liƙa wa furotin ɗin wasu furotin biyu masu nuna alama: GFP, wanda ke haske a ciki kaɗai, da PhoA, wanda ba ya aiki sai a waje. Da wannan dabara aka tantance fuskar furotin 601 na E. coli a 2005.