Waiwaye: Yadda Aka Kai Ga Karanta Uwar Jini Ƙwaya Ɗai-Ɗai

A cikin ɓargo jini yake samo asali. Akwai wasu ƙwayoyin halitta 'yan ƙalilan a can waɗanda daga gare su jajaye da fararen ƙwayoyin jini suke fitowa, shi ya sa ake kiransu uwar jini.

A 1961, James Till da Ernest McCulloch na birnin Toronto suka zuba ɓargo a jikin ɓerayen da aka lalata wa nasu da haske mai ƙona ƙwayoyi. Bayan kwanaki sai ga 'yan ƙulluka sun tsiro a kan saifarsu. A 1963 aka tabbatar kowane ƙulli daga ƙwaya guda ya fito. A 1988 ɗakin binciken Irving Weissman na Stanford ya iya ware uwayen jini daga ɓargon ɓera.

Sai dai kafin a karanta saƙon gadon da ke aiki a cikinsu, dole a tara dubbai a markaɗa tare. Abin da za a samu kamar hayaniyar taro ne, ba a jin muryar kowa. A haka aka zana hoton da ya shiga littattafai: bishiya mai rassa, ƙwaya na sauka mataki-mataki.

A 2009 Fuchou Tang da abokan aikinsa a Cambridge suka karanta wannan saƙon gado, wato RNA, na ƙwaya ɗaya tal. A 2015 aka fito da dabarar kulle kowace ƙwaya cikin ɗan ɗigon ruwa a tsakiyar mai, da lambar shaidarta, a karanta dubbai lokaci guda. A shekarar ce kuma ƙungiyar Ido Amit ta Cibiyar Weizmann da ke Isra'ila ta nuna cewa ƙwayoyin ɓargo masu tasowa daga uwar jini, da ake ɗauka tamkar an tsaga kara, tuni kowace ta karkata ga abin da za ta zama. Binciken da aka yi a birnin Heidelberg na Jamus a 2017 a kan ɓargon mutum ya nuna sauyin na tafiya sannu a hankali, babu tsayayyun matakai.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne binciken Cibiyar Sanger ta Ingila na 2018, inda aka raino ƙwayoyi ɗai-ɗai daga wani mai shekara 59, aka bi salsalarsu ta DNA, aka ƙiyasta uwayen jini 50,000 zuwa 200,000 ke yi masa aiki.

Har yau akwai cikas: ƙwayar da aka karanta saƙonta ta mutu ke nan, ba a ganin abin da za ta haifa. Don haka masu bincike suke yi wa uwayen alamar gado, su nemi alamar a jikin 'ya'yan.