Zanen Rikiɗa: Yadda Jekyll Ke Komawa Hyde a Bidiyon Labari

Zanen rikiɗa shi ne jerin hotunan da ke nuna mutum yana sauya kama, a irin bidiyon nan da ke sake ba da tsohon labari da zane. Waɗannan bidiyon ba cikakken katun ba ne. Zane ne a tsaye, ana jan kyamara a kansa sannu a hankali, murya tana ba da labari. Wurin rikiɗa ne ake gane gwani a cikinsu.

A ɗauki Dakta Jekyll da Mista Hyde, labarin da Robert Louis Stevenson ya fitar a 1886, na likita Jekyll da ke shan wani magani ya rikiɗe ya zama mugu mai suna Hyde. Fim yana cin hoto 24 a daƙiƙa guda. Ko an bar kowane zane ya tsaya a madadin hoto biyu, rikiɗar daƙiƙa uku sai ta ci zane 36. Mai aiki shi kaɗai ba shi da wannan ƙarfin, shi ya sa yakan yi huɗu ko biyar: fuskar likita, fuskar Hyde, da biyu ko uku a tsakani, kowanne ya narke cikin na gaba.

Narkewar kuwa tana da sharaɗi. Dole idanu su zauna daidai wuri ɗaya a duk zanukan. In suka goce, mai kallo zai ga fuska mai ido huɗu a tsakiyar narkewa. Bango da haske kada su motsa. Don haka ake zana kai daban, tufa daban, ɗaki daban, sannan a ɗora su kan juna a kwamfuta.

Babban kuskure shi ne mai da Hyde ƙato mai yaga riga. Littafin bai ce haka ba. Jekyll ne babban mutum, mai kimanin shekara 50. Hyde gajere ne, ya fi shi ƙuruciya, kayan likitan sun yi masa yawa har sai ya naɗe ƙafar wando. Jekyll da kansa ya ce muguntarsa ba ta samu sakewa ba tsawon rayuwarsa, shi ya sa ta fito a tsumbure. Wanda ya kumbura Hyde ya zubar da wannan ma'anar. Gyaran ma ya fi arha: a bar kwat yadda take, a rage jikin da ke ciki, kafaɗa ta zube, hannun riga ya rufe yatsu. Akwai kuma safiyar da Jekyll ya farka ya ga hannunsa ya rame, ya yi jijiya da gashi, alhali bai sha magani ba. Zane biyu na hannu sun wadatar a nan, kuma sun fi fuska tayar da tsikar jiki.

Saura lokaci. Babi 10 ne a littafin, kuma sai a na tara Dakta Lanyon, abokin Jekyll, ya ga rikiɗar da idonsa, a nan ɗin ma Hyde ne ya koma Jekyll, bayan ruwan maganin ya tashi daga ja zuwa shunayya, sannan kore. Bidiyon da ya sa rikiɗar a minti na farko ya kashe binciken da lauya Utterson ya yi kan alaƙar Jekyll da Hyde, wanda shi ne babi takwas na farko.