Kaciya bayan an girma: kumburi da warkewa

An yi mini kaciya, gabana ya kumbura ya yi shuɗi-shuɗi. Aikin ne ya ɓaci?

Yawanci a'a. Kumburin yakan ƙaru a kwana 2 zuwa 3 na farko, sannan ya fara sacewa. Yankan yana datse ƙananan hanyoyin da ke kwashe ruwa daga fatar wurin, sai ruwan ya taru, musamman tsakanin layin ɗinki da kan azzakari, har wajen ya yi tudu kamar zobe. Jiki sai ya buɗe sababbin hanyoyi kafin ruwan ya janye. Shi ya sa mafi yawan kumburin kan tafi cikin makonni kaɗan, amma ragowarsa na iya kai wata biyu ko fiye. Duba wurin kowace sa'a ba ya ƙara komai sai fargaba.

Me zai rage shi?

Kamfai mai ɗan kama jiki, a ɗaga azzakarin ya kwanta yana kallon ciki, kada a bar shi yana lilo. A rage doguwar tsayuwa, a ajiye keke da babur da ɗaukar kaya mai nauyi. Ƙanƙara a cikin tsumma na 'yan mintuna tana taimakawa, amma ba kai tsaye a kan fata ba. Farasitamol ya wadatar wa yawancin mutane. Asfirin kuwa yana ƙara zubar jini, sai da izinin likita.

Miƙewar dare fa?

Ita ce ta fi wahalar da manya. Tana jan ɗinkin, mutum ya farka da zafi, amma da wuya ta ɓarke shi. A yi fitsari kafin kwanciya, a rage shan ruwa da dare, a kwanta ta gefe a ɗan naɗe gwiwoyi.

Zaren ɗinkin?

Galibi mai narkewa ne, yakan zube da kansa cikin mako 2 zuwa 4. Kada a ja shi. Man Vaseline kaɗan yana hana ciwon mannewa da kamfai. Ban da shi, kada a shafa abin da likita bai ce ba, don ta nan cutar tetanas ke samun ƙofa.

Yaushe za a koma ga iyali?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jira mako 6. Ko da sama ta bushe, ƙasan fatar bai gama haɗewa ba, kuma sabon ciwo yana sauƙaƙa kamuwa da cuta, har da HIV. Masu ciwon suga da masu shan taba sukan fi jinkirin warkewa.

Wane kumburi ne ba a jira da shi?

Wanda ya taso farat ɗaya, ya yi tauri yana ƙaruwa, domin jini ne ke taruwa a ciki. Haka nan jinin da ya ƙi tsayawa bayan an danne minti 10, mugunya mai wari, zazzaɓi, kasa fitsari, ko kan azzakari ya fara baƙi. Ɗan farin danshi a bakin ɗinki ba mugunya ba ne. Amma waɗancan, a tafi asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne.