Sabawa da sabuwar na'urar jin magana bayan ritaya

Na'urar jin magana wata 'yar ƙaramar na'ura ce mai aiki da batir, ana maƙala ta a bayan kunne ko a cusa ta cikin ramin kunne, tana da makirfo da ke ɗauko sauti da ɗan injin da ke sarrafa shi da kuma 'yar sifika da ke tura shi ciki. Sabawa da ita kuma shi ne wannan lokacin da mutum ke ɗauka, daga 'yan makonni har zuwa wata uku ko huɗu, wani ma ya fi haka, kafin ƙwaƙwalwarsa ta yarda da sabon sautin ta daina jinsa kamar hayaniya. Masu ritaya su ne abin ya fi shafa saboda shekarun ajiye aiki da shekarun da ji ke raguwa kusan tare suke zuwa, misali a Najeriya yawancin ma'aikatan gwamnati suna ajiye aiki in sun kai shekara 60 ko sun yi 35 suna aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka wuce 60 suna da raunin ji da ya kai ya takura musu rayuwa, sannan a rahotonta na 2021 ta ce cikin masu buƙatar na'urar a duniya kusan kashi 17 ne kawai ke amfani da ita.

Daga ina matsalar take

A can cikin kunne akwai wani sashe mai kama da katantanwa, cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi kusan dubu 15, su ne ke maida motsin sauti ya zama saƙon da jijiya za ta kai ƙwaƙwalwa. In sun mutu sun mutu, ba sa sake fitowa. Waɗanda ke fara lalacewa da tsufa su ne masu kama siririn sauti, shiyasa baƙaƙe irin su s da sh da f da ts suke fara ɓacewa, wasula kuwa suna nan daram. Kaga mutum zai ji ana magana sarai amma ya kasa bambance "sata" da "fata", sai ya ce yaran yanzu a ciki suke magana. Muryar mata da ta jikoki ta fi ba shi wahala a kan ta maza. Wanda ya yi shekaru a masaƙa ko kusa da injin niƙa ko aikin soja ko direban babbar mota nasa ya fi saurin zuwa, don ƙarar da ta kai desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) in ana zama cikinta awa takwas kullum tana cin ji a hankali, haka wasu magunguna irin su jentamaisin da kwinin.

Toh abin da ya kamata a gane a nan shi ne raguwar ba dare ɗaya take zuwa ba. Shekaru take ɗauka, kuma mutane dayawa sai sun daɗe suna "na'am? me ka ce?" kafin su yarda su je asibiti. A tsawon wannan lokacin ƙwaƙwalwa ta saba da duniya mai shiru-shiru. Mutane na zaton na'urar kamar tabarau ce, ka saka ka ga komai tar a take, alhali tabarau gyara hasken kawai yake yi ya aika wa lafiyayyen ido, ita kuwa wannan tana tura sauti ne zuwa kunnen da wani sashensa ya riga ya lalace, ƙwaƙwalwa kuma sai ta sake koyon wanne sauti za ta kula da shi wanne za ta watsar.

Makonnin farko

Ƙorafin farko kusan kowa iri ɗaya ne, komai ya yi ƙara. Takardar jarida, cokali a kwano, ruwan famfo, takun silifas, fanka, janaretan maƙwabta, kukan kaji. Duk waɗannan sautukan dama suna nan, mai lafiyayyen kunne ma yana jinsu amma ƙwaƙwalwarsa ta iya tura su gefe, shi kuwa sabon mai na'ura ya manta da su sai ga su sun dawo gaba ɗaya lokaci guda. Akwai kuma wani abu da ke tattare da lalacewar katantanwar nan, wato tazarar da ke tsakanin "ban ji ba" da "ya yi ƙarfi dayawa" ta kan matse, shi ya sa dattijo zai ce ka ɗaga murya, kana ɗagawa ya ce kar ka yi min ihu mana. Ba rigima ba ce, haka kunnen yake.

Na biyu muryarsa shi kansa. In abin ya toshe ramin kunne mutum zai ji maganarsa tana amsa-kuwwa a cikin kansa, taunar goro ko ƙuli-ƙuli ma ta zama abin damuwa. Wannan ana rage shi da ɗan huji na shan iska da ake yi a jikin abin da ke shiga kunnen, ko a canja zuwa irin robar da ba ta rufe ramin duka. Na uku shi ne fito, wannan tsiii ɗin da na kusa ma ke ji, yana faruwa in sautin da ya fito daga sifika ya zagayo ya sake shiga makirfo. Galibi na'urar ce ba ta zauna daidai ba, ko daudar kunne ta taru, ko hula ko rawani ko hijabi ya rufe makirfon.

Sai gajiya. Sauraro aiki ne, kuma a kwanakin farko mutum na iya jin kansa ya yi nauyi kafin la'asar. Masana ji sun ɗan bambanta a nan, wasu na cewa a fara da awa kaɗan a gida inda babu hayaniya a riƙa ƙarawa, wasu na cewa a saka tun safe har dare daga ranar farko in dai ba ciwo. Amma duk sun haɗu a kan cewa ƙarshenta dole ta zama abin sawa yini guda. Nan ne ritaya ke da nata tarkon, saboda wanda ya daina zuwa ofis zai ga ai zaman gida yake, wa zai saurara, sai ya ajiye ta a durowa sai ranar ɗaurin aure ko taron 'yan fansho ya ɗauko. Wato ya kai ta wuri mafi wahala da ƙwaƙwalwar da ba ta yi atisaye ba, ya dawo yana cewa an cuce shi kuɗinsa. A gaskiya lokacin da ritaya ta ba shi shi ne babban jarinsa: ya saurari rediyo, ya yi karatu a bayyane don ya saba da muryarsa, hira da mutum ɗaya, sannan biyu, sannan majalisa, kasuwa ta zo daga baya.

Saiti da komawa asibiti

Na'ura ta gaskiya ba a sayenta kamar rediyo. Ana fara gwada ji a ɗaki marar ƙara, a fitar da taswirar da ke nuna desibel nawa aka rasa a kowane irin sauti a kowane kunne, da ita ake saita na'urar a kwamfuta. Tun daga tsakiyar shekarun 1990 da na'urori masu aiki da tsarin dijital suka shigo kasuwa, irin Senso ta kamfanin Widex a 1996, ana iya ƙara siririn sauti kaɗai a bar mai kauri yadda yake. Sau da yawa ana fara saitin ƙasa da abin da mutum ke buƙata sai a riƙa ɗagawa yana sabawa, don haka komawa bayan mako biyu zuwa huɗu yana cikin maganin. Kuma a je da bayani takamaimai, "ba na jin liman in ina sahun baya" ya fi wa mai saiti amfani a kan "ba ta da kyau". In kunne biyu ne suka raunana an fi so a saka biyu, da su ne ake gane ta ina sauti ya fito, abin da mai tsallaka titi ke buƙata.

A Najeriya akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna wadda aka kafa a 1999, da sassan kunne da hanci da maƙogwaro a asibitocin koyarwa kamar na Aminu Kano. A Amurka tun Oktoban 2022 aka halasta wa manya masu ƙaramin rauni ko matsakaici su sayi na'urar ba tare da takardar likita ba. Amma waɗannan masu arhar da ake tallatawa a intanet dayawansu amfilifaya ce kawai, tana ɗaga komai har da ƙarar babur.

Kula da ita

Ruwa da gumi da ƙura da dauda su ne maƙiyanta. Ana cire ta kafin wanka da barci, da alwala ma tunda ana shafar kunne da jiƙaƙƙen yatsa, a bari kunnen ya bushe kafin a mayar. Da damina a kwana da ita a cikin gwangwanin busarwa, da hunturu a riƙa goge ƙura da ɗan burushinta. Batiran jefarwa da aka fi amfani da su lamba huɗu ne kuma kowanne da kalarsa, 10 rawaya, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemo, 675 shuɗi, iska ce ke tada su, shiyasa in an ɓare takardar da ke manne a jikinsu ake jira kamar minti ɗaya kafin a saka. A ɓoye su daga jikoki, haɗiye irin wannan batirin na iya yin mummunar illa. Masu caji sun fi sauƙi ga wanda yatsunsa ke rawa, sai dai inda wuta ba ta tsayawa dole a tanadi fawa bank ko sola. Na'ura ɗaya kan yi kamar shekara biyar in ana kula.

Mutanen gida da batun mantuwa

Iyali su ma sai sun koyi abu. A kira sunansa kafin a fara magana, a fuskance shi, a rage talabijin, in bai gane ba a canja kalmomin maimakon a maimaita da ihu. Mafi muni shi ne "bar shi kawai Baba, ba komai", wannan ke sa dattijo ya janye daga hira gaba ɗaya, janyewar kuma na jawo kaɗaici da damuwa.

Kwamitin mujallar likitanci ta Lancet ya sa raunin ji cikin manyan abubuwan da ake iya gyarawa masu alaƙa da cutar mantuwa. Sai dai kar a zuzuta. Binciken ACHIEVE da aka wallafa a 2023, wanda ya bi mutum 977 'yan shekara 70 zuwa 84 har shekara uku a Amurka, bai ga bambanci a kaifin tunani ba tsakanin waɗanda aka ba na'ura da waɗanda ba a ba su ba in aka haɗa kowa da kowa, a rukunin waɗanda dama suka fi fuskantar haɗari ne aka ga raguwar kaifin tunani ta yi sauƙi da kashi 48.

Akwai abubuwan da ba sa cikin sabawa kuma ba a jira da su: ciwo ko gyambo a ramin kunne, ruwa ko mugunya, jiri, ko ji ya ɗauke farat ɗaya musamman a kunne guda. Wannan na ƙarshen gaggawa ne, ana so a ga likita cikin kwanakin farko saboda maganinsa ya fi ci da wuri. In ba haka ba ana sake gwajin ji duk shekara, tunda raunin na ci gaba da ƙaruwa kuma saitin bara ba lallai ya yi daidai da kunnen bana ba.