Tarar murdrum: dokar da ta ɗora wa gunduma jinin Banormande a Ingila

Daga cikin dokokin da ake dangantawa da Sarki William, shugaban Normandawa (mutanen Normandy da ke arewacin Faransa), wanda ya ci Ingila da yaƙi a Hastings ranar 14 ga Oktoba, 1066, akwai wadda ake kira murdrum. Ga abin da ta ce. Idan aka kashe ɗaya daga cikin mutanen da suka tsallako teku tare da sarki, ubangidan wanda ya yi kisan yana da kwana biyar ya kamo shi. In ya kasa, zai biya sarki mak 46 na azurfa. In dukiyarsa ta ƙare ba a cike ba, duk mutanen gundumar da aka yi kisan su haɗa ragowar.

Mak ɗaya kwabon azurfa 160 ne, kuma kwabon shi kaɗai ne kuɗin da ake bugawa a lokacin. Wato kwabo 7,360, sama da fam 30, daga aljihun manoman da yawancinsu dukiyarsu ba ta wuce saniyar huɗa da 'yan tumaki ba. Mai laifi da marar laifi duk kanwar ja ce.

Me ya kawo wannan tsanani? Tsoro. Normandawa 'yan tsiraru ne a cikin jama'ar da ba ta ƙaunarsu. A 1069 mutanen arewa suka far wa Robert de Comines, wanda William ya naɗa ya mulki yankin, a Durham, suka hallaka shi da dakarunsa, William kuwa ya rama da ƙone amfanin gona da kashe dabbobi a yankin York har yunwa ta ci mutane. Sai dai runduna tawaye take murƙushewa. Ba ta iya tsare baƙo ɗaya da ya bi hanyar daji da dare. Wannan aikin sai maƙwabta, kuma maƙwabci ba zai rufa wa mai kisa asiri ba in ya san shi ma zai sayar da saniyarsa.

Abin lura a nan, ba William ne ya ƙirƙiro tsarin gunduma ba. Tun kafin zuwansa Ingila a rarrabe take lardi-lardi, kowane lardi da wakilin sarki da ake kira sherif, a ƙarƙashinsa kuma gundumomi masu zaman kotu duk bayan mako huɗu. Ɗaukar laifin juna ma tsohon abu ne: ana haɗa maza goma-goma, kowa na tsaya wa ɗan'uwansa, in ɗaya ya yi ɓarna sauran su kawo shi. William da kansa ya rubuta wa mutanen Landan takarda da harshensu cewa dokokin zamanin Sarki Edward, wanda ya mulki Ingila kafin yaƙin, suna nan daram, domin yana da'awar shi ne halastaccen magajin Edward. Kotunan ba su canza ba, harajin ƙasa bai canza ba. Masu zama a kan kujerun ne suka canza. Lokacin da aka yi ƙidayar filaye ta Domesday a 1086, manyan masu ƙasa 'yan asalin Ingila ba su fi a ƙirga da yatsu ba, irin su Thurkill na Arden da Colswein na Lincoln.

A ganina wannan ne ya sa dokar ta yi cizo. A da, in an yi kisa, diyya ce ake biyan dangin mamaci gwargwadon matsayinsa. Yanzu kaso mafi tsoka na baitulmalin sarki ne, kuma tsarin da jama'a suka saba tsare kansu da shi aka juya ya zama garkuwar waɗanda suka ƙwace musu ƙasa.

Akwai sabbin abubuwa na gaske da Normandawa suka kawo: raba gardama ta hanyar fito-na-fito da makami, ware shari'un coci daga kotun gunduma, mayar da takardun sarki zuwa Latin, da dokar gandun farauta wadda a ƙarƙashinta ake makantar da wanda ya kashe barewar sarki.

To ta yaya za a gane gawa ta Banormande ce? Daga baya aka ɗora wa gunduma nauyin kawo hujja. Dangin mamaci su zo gaban alƙalai su rantse cewa Baturen Ingila ne gaba da baya, sai a yafe tarar. In babu mai rantsuwa, ana ɗaukarsa Banormande. Matafiyin da ba wanda ya san shi, in ya mutu a hannun 'yan fashi, ya zama bala'i ga ƙauyen da aka tsince shi.

Zuwa wajen 1170 da 'yan kai, Richard FitzNeal, ma'ajin Sarki Henry na Biyu, ya rubuta cewa auratayya ta cakuɗa jama'a har da wuya a bambance Baturen Ingila da Banormande a cikin masu 'yanci, in ban da talakawan da ke ɗaure da gonar ubangida. Dalilin dokar ya gushe, amma kuɗin na shigowa, don haka alƙalan sarki masu zagaye suka ci gaba da karɓa. Sai a 1340, zamanin Edward na Uku, majalisa ta soke ta.