Noman Albasa a Cikin Gida

Albasa, wadda masana tsirrai ke kira Allium cepa, tsiro ce 'yar dangin tafarnuwa, kuma asalinta daga tsakiyar nahiyar Asiya ne. A Najeriya, Jihar Kebbi na cikin wuraren da suka fi shahara da nomanta, musamman garin Aliero, wanda 'yan kasuwa ke ɗaukar albasarsa zuwa kudancin ƙasar da ma ƙasashen maƙwabta. Yawancin wannan noma a fadama ake yinsa da rani, amma hanyar da manoman fadama ke bi ita ce dai ake ragewa a yi a tsakar gida, cikin komi ɗaya ko biyu, ko tsohon baho, ko buhun da aka cika da ƙasa.

Lokacin shuka shi ne ginshiƙin al'amarin. Albasa tana son sanyi yayin da take fitar da ganye, sannan tana son zafi da bushewar iska yayin da take ƙosawa. Shi ya sa ake yafa iri bayan ɗaukewar damina, wajen watan Oktoba zuwa Nuwamba, ta yi girma cikin hunturu, a cire ta kafin ruwa ya sauka. Akwai masu yin ta da damina, amma ta fi fama da cuta kuma ba ta jure ajiya. Tsawon yini ma yana da tasiri: irin da ya dace da ƙasar Hausa shi ne mai yin kai idan hasken rana ya kai kimanin awa 12, kamar jar albasar gida da 'yar Galmi ta Jamhuriyar Nijar. Irin ƙasashen sanyi yana buƙatar yini mai tsawo, don haka a nan sai ya yi ta ganye ba kai. Kuma irin albasa ba ya daɗewa. Wanda ya haura shekara yakan ƙi tsira.

Ana fara renon iri a ƙaramin komi, a rufe shi da ƙasa kaɗan da busasshiyar ciyawa har ya tsiro. Bayan mako 6 zuwa 8 sai a yi dashe, da yamma, a bar tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin tushe da tushe. Ƙasar da ta fi ita ce mai sako-sako wadda ba ta riƙe ruwa, an gauraya ta da takin tumaki ko awaki da ya riga ya ruɓe. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa. Mai shuka a baho ko bokiti dole ya huda gindinsa.

Saiwar albasa gajera ce, ba ta nitsawa neman laima, saboda haka ban ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi a malala mata ruwa sau ɗaya a ƙyale ta. Ganyenta kuma siriri ne, ba ya yi wa ƙasa inuwa, ciyawa na saurin cin ƙarfinta. Cirewa da hannu ya fi, don fartanya na iya yanke kan. Manyan maƙiyanta su ne wasu ƙananan ƙwari da ke ɓuya a matsen ganye suna tsotsarsa har ya yi fari-fari, da wata cuta mai sa tabo shuɗi-ja a ganye idan laima ta yi yawa. A gida kuwa, kaji da awaki sun fi su ɓarna, don haka shinge ba abin rainawa ba ne.

Kimanin wata 3 zuwa 4 bayan dashe, wuyan albasa zai yi laushi, ganye ya kwanta. Nan ne ake tsayar da ban ruwa na kwanaki kafin a tuge. Wanda ya ci gaba da ba ta ruwa a wannan gaɓa, albasarsa a ajiya za ta ruɓe. Ana shanya ta har wuyan ya bushe ɓawon ya yi ƙwari, sannan a ajiye ta a inuwa inda iska ke ratsawa, ba cikin leda ba.

Ga mai ƙaramin fili, amfanin da ya fi saurin zuwa hannu shi ne lawashi. Albasar da ta tsira a madafa, idan aka binne ta, ba za ta yi babban kai ɗaya ba, rabuwa take yi, amma cikin 'yan makonni za ta ba da ganyen da za a riƙa tsinka ana sa wa miya, fate ko kwaɗo. Idan lawashin ya yi yawa, akan daka shi a dunƙula a shanya ya zama gabu, wanda ke jiran uwargida har tsakiyar damina, lokacin da albasa ke tsada a kasuwa.